Fim ɗin da Ake Ɗaura wa Fuska

A watan Satumba na 2019, a bikin finafinai na birnin Venis da ke Italiya, wani ɗan Najeriya mai suna Joel Kachi Benson ya karɓi kyautar labari mafi kyau a rukunin finafinan da ake kallo da tabarau. Fim ɗin, Daughters of Chibok, minti 11 ne kacal, kuma Benson ne ɗan Afirka na farko da ya ci kyauta a wannan rukuni tun da aka buɗe gasarsa a 2017. Labarin Yana Galang ne, shugabar mata a Chibok, wadda 'yarta Rifkatu ke cikin 'yan mata 276 da Boko Haram ta kwashe daga makarantar sakandaren garin a daren 14 ga Afrilu, 2014. Lokacin da aka ɗauki fim ɗin, 112 daga cikinsu ba su dawo ba, har da Rifkatu, kuma uwar ba ta daina wanke kayan 'yarta tana linkewa tana ajiyewa ba.

Labarin kyautar ya bazu a jaridu da gidajen rediyo. Fim ɗin kansa bai bazu haka ba, domin irinsa ba a haska shi a bango, ba a kunna shi a talabijin. Wata na'ura ake ɗaura wa mutum a fuska, mai kama da tabarau mai kauri, ta rufe masa ido ruf. A cikinta akwai ƙaramin allo da gilasai biyu, kowane ido da nasa, da wani ma'auni da ke bin motsin kai. Ka juya dama, hoton ya bi ka. Ka ɗaga kai, ka ga rufin ɗaki. Ka waiwaya, ka ga wanda ke tsaye a bayanka. Masu sana'ar suna kiran wannan fasaha VR, kuma iri biyu ce. Akwai wadda ake ɗauka da kyamara mai ganin kowace kusurwa, inda mai kallo ke kafe wuri ɗaya sai dai ya jujjuya kai; na Benson irin wannan ne. Akwai kuma wadda ake ginawa kacokan a kwamfuta, inda mutum zai taka, ya durƙusa, ya miƙa hannu. Ta biyun aikin manyan kuɗi ce. A Carne y Arena na Alejandro Iñárritu, wanda aka nuna a bikin Kan na Faransa a 2017, sai mai kallo ya cire takalmi ya shiga wani ƙaton ɗaki da aka zuba wa yashi, shi kaɗai, ya yi minti shida da rabi cikin ayarin masu ƙetara hamada zuwa Amurka. Ta farkon ce ke kusa da hannun ɗan fim na Kano ko Katsina, a kanta kuma zan tsaya.

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin da ake ɗaukar fim ɗin Hausa ya san cewa abin da ke bayan kyamara ya ninka abin da ke gabanta. Darakta na nan da hularsa, mai sandar makirufo na nan, masu fitila da mai kwalliya na nan, ga yaran unguwa da aka kora gefe suna leƙe ta kan katanga. Kyamarar zagaye ba ta da baya. Gilasai biyu ne ko fiye a jikinta, kowanne na ɗaukar sashensa, daga baya a ɗinke hotunan a kwamfuta su zama ƙwallo ɗaya da mai kallo zai zauna a tsakiyarsa. Saboda haka da an danna maɓalli sai kowa ya ɓuya, darakta ya laɓe bayan rumbu ko ya shige wani ɗaki yana leƙen abin da ke gudana ta waya. Wurin ɗinkin ma matsala ne: in ɗan wasa ya ratsa daidai inda hotuna biyu suka haɗu, kuma yana kusa, sai ka ga kafaɗarsa ta tsage ko rabin fuskarsa ya ɓace.

Babbar asarar darakta ita ce ikon cewa “nan za ka duba”. Fim ɗin da muka saba da shi, tun daga na Indiya har zuwa Labarina, an gina shi ne a kan wannan iko. In ana so ka ga hawaye sai a matso da fuska ta cika allo, in ana so ka ga wuƙar da aka ɓoye sai a yanka zuwa hannu. A fim ɗin tabarau ba a matso da fuska. Sai dai mutumin ya tako da ƙafarsa ya zo kusa, in kuma ya wuce iyaka mai kallo ya ji an shiga masa jiki, ya ja da baya. Yanka ma da hankali ake yin sa, domin a daidai lokacin da uwa ke faɗin maganar da duk fim ɗin ya rataya a kanta, mai kallo yana iya kasancewa ya juya yana kallon akuya. Abin da ya rage wa darakta shi ne dabarun jawo hankali: sauti da ke fitowa daga wani ɓangare, sallama daga bakin zaure, mutum ya miƙe ya nufi wani wuri ido ya bi shi. Shi ya sa ake naɗar sautin da makirufo mai jin kowace kusurwa, yadda in ka juya kai muryar za ta tsaya inda mai ita yake.

Sai kuma jiri. In kyamara ta motsa, ido ya gaya wa ƙwaƙwalwa ana tafiya, ma'aunin da ke cikin kunne ya ce a zaune ake, wannan saɓani ne ke kawo juwa da tashin zuciya. Don haka akan kafa kyamarar a kan sanda, daidai tsayin kan mutum, a bar ta. Waƙar fim ɗin Hausa, da yankanta na kowane daƙiƙa biyu da kyamarar da ke shawagi a kan masu rawa, in aka zuba ta a tabarau haka nan, sai an tanadi bokiti. Jirin nan, da nauyin na'urar a goshi, da gumi, su ne dalilin da ya sa yawancin irin waɗannan finafinai ba sa wuce minti 10 zuwa 20. Gajartar dole ce ta jiki.

A ganina, wanda ya fi dacewa da wannan aiki a cikinmu shi ne ɗan wasan daɓe da tsohon ɗan wasan talabijin, irin su Usman Baba Pategi mai Samanja da Kasimu Yero, waɗanda suka saba a sake musu fage su yi minti biyar suna zuba magana ba a tsayar da su ba. Haka 'yan tashe da 'yan kama, da suka san yadda ake riƙe idon mutane a fili ba tare da allo ba. Bambancin kawai, a tashe masu wasa ne a tsakiya jama'a na kewaye da su, a nan kuwa mai kallo ne a tsakiya.

Tarihin kuɗin wannan fasaha gajere ne, amma yana da amfani a san shi kafin a zuba jari. A 2014 Facebook ya sayi kamfanin Oculus a kan kusan dala biliyan 2, a shekarar kuma Google ya fito da Cardboard, wani akwatin kwali mai gilasai biyu da ake zura waya a ciki. An yi ta cewa nan da ɗan lokaci kowane gida zai mallaki tabarau. A 2017 Facebook ya rufe sashen Oculus mai shirya gajerun finafinai, a 2019 Google ya watsar da tabaransa na Daydream, a 2021 ya daina sayar da Cardboard. Wato hanya mai araha, wadda ita ce za ta fi mana sauƙi, masu ita sun bar ta. Ko da ma ba su bar ta ba, da yawa daga ƙananan wayoyin da ke hannun mutanenmu ba su da ma'aunin juyin da kwalin ke bukata. Abin da ya rage a kasuwa shi ne tabarau mai cin gashin kansa. Quest 3S na kamfanin Meta ya fito a 2024 a kan dala 299, wanda a canjin 2025 ya haura naira dubu 400 kafin kuɗin jirgi da kwastan, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira dubu 70. Na Apple, Vision Pro, dala 3,499 ne. Wannan a bar shi inda yake.

Amma ko da wani bawan Allah zai sayo goma ya sauke a Kankiya ta jihar Katsina kyauta, akwai abin da ya fi kuɗi nauyi. Mutanenmu ba su saba kallo su kaɗai ba. Fim ya fara shigowa ƙauyukan ƙasar Katsina ne ta motar majigi ta zamanin En'e: a kafa farin ƙyalle a filin ƙofar gidan hakimi bayan magariba, a tayar da inji, mai bayani ya riƙe lasifika yana fassara yana ƙara gishiri, a nuna tsafta da rigakafi da noman zamani irin na fim ɗin Baban Larai, daga baya a haɗa da rangadin Sardauna. Da bidiyo ya zo, bayan fim ɗin Turmin Danya na 1990, gida ɗaya mai kaset ya zama na duk layi. Yau gidan kallon ƙwallo ne, benci a jere, janareta na ruri a waje, rabin daɗin kuma musun da ake yi ne. Ko wayar da aka kai wa masu tura fim a bakin tasha suka zuba mata Izzar So, kai uku ko huɗu ne a kanta. Ana kallo ana sharhi, ana tsine wa mugu, ana gaya wa wanda ya makara abin da ya wuce. Tabarau yana yanke wannan duka. Yana ɗauke mutum daga cikin jama'a, ya rufe masa ido da kunne, ya bar shi yana lalube a iska sauran suna masa dariya.

Lissafin ma ba ya goyon bayan mai neman riba. Fim na minti 10, a ƙara minti 5 na cirewa da gogewa da ɗaura wa na gaba, tabarau ɗaya zai ɗauki mutum 4 ne a awa. Goma za su ɗauki 40. Batirinsu kamar awa biyu yake yi. Mai gidan kallo kuwa da talabijin ɗaya yake tara ninkin wannan a wasa guda. Wanda ya ce zai buɗe shagon fim ɗin tabarau a Kusada ya ci abinci da kuɗin ƙofa, zai samu cinkoso a makon Sallah, bayan nan kowa ya gani ya ƙoshi, domin finafinan da ake da su da Hausa ba su kai a canza wa mutum kowane mako ba.

A ɗauka dai an kawo su wata makaranta a Kafin Soli ko Rimaye ko Yashe. Aji ake bukata mai inuwa, domin in hasken rana ya ratsa gilasan yana ƙona allon ciki, zafi kuma na sa na'urar ta kashe kanta. Fim ɗin sai an zuba shi a kowane tabarau tun daga gari, saboda nauyinsa. Ido yana ganin kamar kashi ɗaya cikin huɗu ne na zagayen a lokaci guda, don haka hoton da zai yi tas a talabijin dishi-dishi yake fitowa a nan, sai an ninka ingancinsa, girmansa kuma ya ninku. Babu datar da za ta ja shi kai tsaye. Namiji sai ya cire hula, mai rawani sai ya yi haƙuri. Mace sai an samu mace ta ɗaura mata a kan hijabi, ta kuma tsaya kusa da ita, domin ba kowace ce za ta yarda a rufe mata ido a ɗakin da maza ke ciki ba, kuma tana da gaskiya. Soson da ke taɓa fuska sai an goge shi tsakanin mutum da mutum, musamman lokacin da ciwon ido ke yawo. Rubutun fassara a ƙasan hoto ba ya aiki sosai ko ga mai karatu, tunda “ƙasa” na canzawa da juyin kai; murya ce da Hausa za ta yi. Duk wannan aikin mutum uku ne ko huɗu da mota da sola. In ka duba da kyau, motar majigi ce ta dawo, sai dai wannan mutum goma take ɗauka a lokaci guda.

Akwai kuma tambayar da ta fi damuna, wato wa ke kallon wa. Fim ɗin da ya fara fito da wannan fasaha a idon ƙungiyoyin agaji shi ne Clouds Over Sidra na 2015, wanda Chris Milk da Gabo Arora suka yi da Majalisar Ɗinkin Duniya a kan wata yarinya 'yar Siriya mai shekara 12 a sansanin Za'atari na Jodan. An ɗaura wa attajirai da shugabanni shi a taron Davos, kuma UNICEF ta ce cikin mutum shida da suka kalla ɗaya yakan ba da gudummawa, ninkin abin da aka saba samu. Milk ya kira na'urar injin sa tausayi, sunan kuma ya bi ta. Fim ɗin Benson na farko a wannan fanni, In Bakassi na 2018, a kan wani maraya ne ɗan shekara 11 a sansanin 'yan gudun hijira na Bakassi a Maiduguri. Ka ga hanyar a fili take: a ɗauko wahala daga inda take, a kai wa masu kuɗi su shiga cikinta na minti goma, su cire su sha shayi. Ba na zargin Benson da wannan. Ya ci gaba da komawa Chibok har ya fitar da dogon fim, Mothers of Chibok, a 2024, wanda na allo ne da kowa zai iya kallo. Amma ba kowa ne Benson ba. A 2017 Mark Zuckerberg, mai Facebook, ya shiga hoton ambaliyar Fotoriko da ɗan zanensa mai murmushi yana tallar na'urar, sai da ya ba da haƙuri.

Jihar Katsina tana da irin kayan da wannan kasuwa ke nema. Ɗaliban makarantar kimiyya ta Ƙanƙara da aka sace a Disamba 2020, aka sako 344 bayan kwana shida, da ƙauyukan da 'yan bindiga suka tasa, da matan da ke zaune a kangaye a gefen garuruwa, duk wani zai so ya kafa kyamara a tsakiyarsu. Gani ya kori ji, gaskiya ne, kuma akwai masu mulkin da ya kamata a ɗaura musu. Sai dai kyamarar zagaye ba ta zaɓe. Mai kyamarar da muka sani in ya shiga gida, zai nemi izinin wadda zai ɗauka, sauran su kauce. Wannan kuwa da an kafa ta a tsakar gida ta kwashe komai: kishiyar da ba a tambaya ba, budurwar da ke tsefe kai a gindin bishiya, ƙofar ɗaki a buɗe, hanyar da ake bi a shiga gidan. A gidan da aka rubuta “ba shiga” a zaure, an shigar da duk wanda zai ɗaura tabarau har abada. Izinin mai gida kaɗai bai wadatar ba, kuma ba a neman izini a kan abin da mutum bai taɓa gani ba. Kafin a ɗauka, a fara ɗaura wa matan gidan su ga yadda abin yake, sannan a tambaye su. Hatta masu tace finafinai, irin hukumar Kano da aka kafa a 2001, kallo ɗaya ba zai ishe su ba, tunda abin da ke bayan mai tacewar ma fim ne.

Inda nake ganin amfaninta a wurinmu shi ne a juya akalar: a kai mutanenmu inda ba su taɓa zuwa ba kuma suna bukatar sanin sa kafin su je. Misali mafi kusa shi ne bitar maniyyata. Kowace shekara ana tara su a ƙananan hukumomi, a kafa akwatin katako a lulluɓe da baƙin ƙyalle a matsayin Ka'aba, malam ya ja su su kewaya. Wannan na koyar da hukunci da addu'a, amma ba ya shirya tsohuwa daga ƙauye ga abin da ya fi rikita alhazai, wato girman wurin da cunkoso: hawa-hawan gadar jifa, tantunan Mina da suka yi kama da juna, ƙofofin Harami. Minti bakwai a tabarau da muryar malami Bahaushe zai rage wannan ruɗu. Hukumomin Saudiyya da kansu sun ƙaddamar da kallon Hajarul Aswad ta wannan hanya a ƙarshen 2021, har aka yi ta ce-ce-ku-ce, hukumar addini ta Turkiyya ta fito a 2022 ta ce ziyarar tabarau ba aikin Hajji ba ce. Babu maniyyacin Kankiya da zai ruɗe a kan wannan. Abin da yake so shi ne kada ya ɓace. A nan lissafin mutum 40 a awa ba matsala ba ne, domin maniyyatan ƙaramar hukuma ƙidayayyu ne kuma bita makonni take ɗauka.

Haka makarantar koyon aikin lafiya ta Kankiya: ɗalibi zai iya tsayawa a ɗakin haihuwa ko ɗakin tiyata na babban asibiti ya ga inda kowa ke tsayawa da abin da yake yi, sau nawa yake so, ba tare da ya takura wa mara lafiya ba, in dai ita wadda aka ɗauka ta yarda.

Na uku shi ne adana abin da yake namu kuma a fili ake yin sa, inda babu sirrin da za a keta. Kasuwar Charanci ranar Lahadi, sussukar gero, dambe bayan kaka, Hasumiyar Gobarau daga sama. Hawan Sallah ya fi kowanne dacewa, domin abu ne da ke faruwa ta kowace fuska lokaci guda, kuma kyamarar talabijin kullum rabi take kamawa: in ta bi dawaki ta bar 'yan kallo, in ta bi hakimi ta bar masu algaita. UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun duniya a Disamba 2024, amma hawan gunduma, inda kowa ya san mahayin da uban mahayin, shi ne ba shi da mai adanawa. Wurin kafa kyamarar shi ne daidai inda masu jafi ke jan linzami su tsaya a gaban hakimi, a tsayin kan mutum, ba mai riƙe da ita. Wannan sai da izinin fada, kuma sai an zauna da masu dawakai tun ana sauran mako, a nuna musu sandar, a yarda a kan tazarar da za su bari. Gilasan kyamarar a waje suke, a kumbure, ba su da murfi lokacin aiki, kuma tsakuwa ɗaya daga kofato ta isa ta gama da su. Mai niyyar gwadawa ya sayo na canji tun daga Kano, ya kuma zo da ƙyallen goge ƙura fiye da ɗaya.